Ga Murna, Ga Nauyin Zuciya: Yadda Kirsimeti Ke Zuwa wa Kiristan Arewa

Daren jajibirin Kirsimeti ne, hunturu ya kankama, hazo ya dusashe fitilun titi. A bakin ƙofar majami'armu samarin Birged, ƙungiyar matasan coci masu sa kaki, sun ja layi biyu, na maza da na mata, suna shafa wa kowa na'urar bincike kafin ya shiga. Babbar jaka ba ta wucewa. Mota kuwa can nesa ake barin ta, bayan durorin da aka cika da yashi aka tare hanya da su. Ciki ya ɗauki sauti: matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, sanye da anko, tulu na amsawa, caki na kaɗawa, yara sun yafa farin zanen gado wai su ne mala'iku. A benci ɗaya da ni akwai wata dattijuwa, bakinta na bin waƙar ba ta kuskure ko baiti ɗaya, amma jifa-jifa sai ta kai haɓar zane ta goge ido. Na sunkuya na ce, "Mama, lafiya dai?" Ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Hazon nan ne." Ban ƙara ba. Duk unguwa an san wannan ne Kirsimetinta na farko ba maigida.

Ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ya daɗe yana zama a bencin coci a Jos, ko Kafanchan, ko Sabon Garin Kano, ko Mubi, ya san Disamba wata ne mai fuska biyu. Murnar ta gaske ce, ba ta ganin ido ba. Amma ƙarƙashinta akwai wani nauyi da mutane ke ɗauke da shi ba sa faɗa, domin an riga an koya mana cewa mai bi ba ya ɓata rai ranar haihuwar Mai Ceto, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai mutum ya koma zargin kansa: ko dai bangaskiyata ce ta yi sanyi? Ni a ganina ba haka ba ne. Nauyin nan igiya ce da aka tufka da zare daban-daban, in aka warware ta za a tarar yawancin zaren ba ruwansu da raunin bangaskiya.

Wanda ya fi kauri shi ne na aljihu. Kirsimeti ba ya jiran 25 ga wata kafin ya soma cin kuɗi, tun Nuwamba yake fara lasa. Da farko akwai godiyar kaka, inda manomi ke kawo damin dawa ko buhun masara gaban bagade, ma'aikaci kuma ya kawo ambulan. Kafin a numfasa sai ƙungiyoyi su biyo baya, kowace da tata: Zumuntar Mata ta fitar da anko, mawaƙa za su ɗinka sababbin riguna, matasa na tara kuɗin hayar kayan sauti, makarantar Lahadi na neman na biskit da alawa, ga kuma kyautar Baba Fasto da iyalinsa, wadda ba wanda zai so a ce bai sa hannu ba. Mutum ɗaya yakan kasance cikin ƙungiya uku. Duk wannan fa kafin a shigo gida ke nan, inda yara ke jiran sababbin kaya, tela ya karɓi ɗinki fiye da ƙarfinsa yana ta "gobe, gobe", uwargida na lissafin shinkafa da man gyaɗa da fulawar cincin, maigida kuma na neman waɗanda zai shiga watanda da su, tunda sayen akuya shi kaɗai ya gagara.

Sai tafiya gida. Ga Kiristan Arewa, Kirsimeti a birni rabin Kirsimeti ne. Wanda ke aiki a Legas ko Abuja ko Kano, ransa na can Zonkwa, Pankshin, Billiri, Numan, Michika ko Zuru, kuma mutanen ƙauye ba sa karɓar uzuri. Wanda ya je kuma ba zai je hannu rabbana ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin ya dagule, kuɗin mota ya ninka, har sai da gwamnatin tarayya ta sanar da rage rabin kuɗin manyan motocin safa a wasu hanyoyi, da shiga jirgin ƙasa kyauta, a ƙarshen wannan shekarar. Zuwa ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 tsada. An ga fassarar waɗannan alƙaluma ranar 21 ga Disambar 2024, lokacin da mutum 10 suka mutu a turmutsutsun rabon kayan abinci a cocin Katolika na Holy Trinity da ke Maitama a Abuja, wasu 22 kuma a irin wannan rabo a Okija ta jihar Anambra. Mutane ne da suka yi sammako domin 'yar shinkafar da za su dafa wa yara ranar biki. Wanda ma ya samu ya kashe a Disamba, ya san Janairu na laɓe a bayan ƙofa da kuɗin makaranta da na haya.

A nan nake da ƙorafi kan yadda muke tafiyar da wasu abubuwa a ikkilisiya. Bayarwa ibada ce, ba mai musu. Amma baiko daban, gasa daban. Na taɓa zama a wata sujadar godiya inda aka riƙa kiran suna a lasifika ana faɗin abin da kowa ya bayar, ana tafi daidai girman kuɗin. Wani ɗan gari da ba a ganinsa sai shekara-shekara ya sauka daga mota mai baƙin gilashi, nan take aka tayar da wani tsoho daga bencin gaba, tsohon da shi ke share majami'ar kowace Asabar, aka zaunar da baƙo. Tsohon bai ce uffan ba, ya ɗauki sandarsa da Littafinsa ya koma baya. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta zana wannan hoton sai ka ce marubucin yana wurin: mai zoben zinariya da tufafi masu ƙawa a nuna masa wuri mai kyau, matalauci a ce ya tsaya can. Mun san ayar, tun a makarantar Lahadi muka haddace ta. A Disamba ne take ɓace mana. Matar da ba ta samu kuɗin anko ba takan zauna a gida ranar da ta fi son zuwa coci, in an tambaya ta ce zazzaɓi ne.

Akwai kuma gajiya, wadda ba a cika lissafawa ba domin masu ita su ne ke riƙe da shirin. Coci a Arewa, musamman irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da Baptis, a kan ƙafafun 'yan sa kai yake tsaye. Mawaƙa sun yi wata guda suna koyon waƙa kowace yamma bayan sun tashi aiki. Malamar makarantar Lahadi ta yi fama da yara talatin har sun haddace wasan kwaikwayon haihuwa. 'Yan Sabon Rai, masu fita wa'azi, sun zaga ƙauyuka. Matan Zumunta, waɗanda su ne ƙashin bayan kowace ikkilisiya ko an faɗa ko ba a faɗa ba, sun kwana a bakin murhu, sun zo sun yi waƙa, sun koma sun raba abinci, sun wanke tukwane. Fasto kuwa daga daren waƙoƙi zuwa sujadar safiyar 25, zuwa ɗaurin auren da ake jerawa a makon saboda dangi sun taru, zuwa daren 31 na tsallaka shekara, murya ta dushe. A ƙauye sau da yawa yana bin ikkilisiya albashin wata biyu, amma shi zai hau bagade ya yi wa'azin farin ciki. Irin waɗannan mutane sukan wayi gari ranar 26 su tarar bikin ya wuce ta kansu, ba su samu ko minti goma na zama shiru gaban Allah ba. Labarin Marta da Maryamu ke nan na Luka sura 10, sai dai mu a Disamba kowa Marta ne.

Gida ma da nasa. Taron dangi wuri ne na tambayoyin da ba a nufin sharri da su amma suna suka. "Yaya, yaushe za mu sha biki?" ga budurwar da ta haura talatin. "Har yanzu shiru?" ga matar da ta shekara biyar a ɗaki ba ta haihu ba, a makon da ba a zancen komai sai haihuwar jariri. Saurayin da ya gama hidimar ƙasa shekara uku ba aiki yana tsaye yana kallon sa'o'insa na rabon kuɗi. A gefe kuma gidajen burkutu sun cika maƙil, fasto na jan kunne kamar kowace shekara, dattawa sun riga sun san a Janairu za su zauna kan batun waɗanda za a sa ƙarƙashin horo. Wanda ya riƙi bangaskiyarsa da gaske yakan tsaya yana kallo yana cewa a ransa, wai bikin wa ake yi?

Amma abin da ya raba Kirsimetin Arewa da na sauran wurare shi ne tsoro, kuma tsoron yana da kwanan wata. Daren 24 ga Disambar 2010 bama-bamai suka tashi a Jos, a Kabong da Unguwar Rukuba, mutane na sayayyar ƙarshe, gommai suka mutu. A daren kuma aka kai hari kan coci biyu a Maiduguri. Shekara ta zagayo, safiyar 25 ga Disambar 2011, masu ibada na fitowa daga cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla kusa da Suleja, bam ya tashi a bakin ƙofa, sama da mutum 35 suka rasu, wasu cikin motocinsu da 'ya'yansu. Jajibirin 2016 Goska ce, a ƙaramar hukumar Jama'a ta Kudancin Kaduna. Jajibirin 2020 Pemi ce, kusa da Chibok. Sannan daga 23 zuwa 25 ga Disambar 2023 aka bi ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a Filato, aka kashe sama da mutum 150. A waɗannan garuruwa ranar haihuwar Almasihu ita ce kuma ranar tunawa da mamata, kuma haka za ta ci gaba da zama muddin waɗanda suka gani da idonsu na raye.

Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Shi ya sa majami'u da yawa suka janyo sujadar tsakar dare zuwa yamma, wasu suka daina zagayen waƙa gida-gida da dare, wanda a da shi ne daɗin Kirsimeti ga matasa. Samari da dama ba sa jin wa'azin ranar, suna waje suna gadi. Uwa na waƙa, ido ɗaya na kan ƙofa. In wani yaro ya fasa nokawut a bayan katanga, abin fashewar nan na wasa da 'yan sanda ke hanawa duk shekara ba a ji, sai ka ga rabin majami'a sun zabura, a yi 'yar dariyar kunya a koma waƙa. Ga 'yan EYN kuwa, waɗanda hedkwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014, da mutanen bayan dutsen Gwoza da suka shekara da shekaru a sansanin Minawao na Kamaru, maganar "tafiya gida Kirsimeti" ma ba ta taso ba. Gidan ne babu.

Musulmin da ke karanta wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wanda ya tuna abin da ya faru a Babban Masallacin Kano ranar Juma'a 28 ga Nuwambar 2014, ko masu Maulidin Tudun Biri a Disambar 2023, ya san yadda ake zuwa wurin ibada da murna a baki da fargaba a ciki. Kuma shi ma yana cikin abin da aka rasa. Mu da muka tashi a unguwannin da ake cuɗe, aikinmu ne ranar Kirsimeti mu yi ta jigilar kwanuka zuwa gidajen maƙwabta, kamar yadda nasu yaran ke kawo mana nama da Babbar Sallah. Iyayenmu kan kira maƙwabci Musulmi ya yanka kazar tun da safe, domin kada wani ya ji ɗar wajen ci. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da 2002, da na Jos daga 2001, gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa: a Kaduna kogi ya zama iyaka, Sabon Tasha da Narayi a wancan ƙetare, Tudun Wada da Rigasa a wannan. Kwanon ya rasa ƙofar da zai shiga. Abin da ya rage shi ne muhawarar da ake sabuntawa duk shekara a Facebook kan ko ya halatta a ci abincin Kirsimeti ko a ce barka. Har yanzu akwai masu riƙe da tsohuwar al'ada, kamar Fasto Yohanna Buru a Kaduna, wanda Musulmi ke cika cocinsa duk Kirsimeti. Amma kasancewar abin ya zama labarin da 'yan jarida ke ɗauka, shi kansa yana nuna nisan da aka yi, domin a da ba labari ba ne.

Akwai waɗanda nasu kaɗaicin ya fi zurfi. Bahaushe Kirista, na Wusasa ko Malumfashi ko Kafur, wanda kakanninsa ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa tun fitowarsa cikakke a 1932 bayan aikin fassara na su Likita Mila, Baturen mishan, har yau yana amsa tambaya iri ɗaya daga ɓangare biyu: ɗan'uwansa Bahaushe na mamakin addininsa, ɗan'uwansa Kirista daga Kudu na mamakin ƙabilarsa. Wanda kuma ya karɓi bangaskiyar shi kaɗai a danginsa, safiyar Kirsimeti tasa ce, majami'a cike ana rungumar juna. Da an yi addu'ar rufewa sai kowa ya kama hanyar gidan uwarsa, shi kuma ya koma ɗakinsa.

Sai zare na ƙarshe, wanda ya fi damun masu karatu da tambaya: anya ranar ma daidai ce? Gaskiyar magana, Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Yesu ba. Cikin Bishara huɗu, Matiyu da Luka ne kaɗai suka kawo labarin haihuwar, kuma ba wanda ya ambaci wata ko rana. Masu bi na farko tashinsa daga matattu suka fi mayar da hankali a kai. Orijen, malamin Iskandariya na ƙarni na 3, har cewa ya yi a cikin Nassi masu zunubi ne irin Fir'auna da Hirudus ke bikin ranar haihuwarsu. Shaida mafi tsufa ta bikin 25 ga Disamba daga birnin Rum take, tana komawa shekarar 336. Masana sun kasu biyu kan dalilin zaɓen ranar. Wasu na cewa an ɗora ta ne a kan bikin rana da Rumawa ke yi a wannan lokaci na shekara, domin a janye mutane daga bautar gumaka. Wasu na cewa lissafi ne: an ɗauka cikin Maryamu uwar Yesu ya shiga ranar 25 ga Maris, a ƙara wata tara, sai a faɗa 25 ga Disamba. Har yau ma ba a haɗu a kan rana ɗaya ba. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha 7 ga Janairu suke yi saboda suna bin tsohuwar kalanda, Armeniyawa kuma 6 ga Janairu.

Ƙin bikin ma ba sabon abu ba ne, kuma daga cikin gida ya fito. Majalisar dokokin Ingila, lokacin da masu tsattsauran ra'ayin tsarkake ikkilisiya ke da rinjaye, ta soke Kirsimeti a 1647, bai dawo ba sai da sarauta ta dawo a 1660. A Masacusets ta Amurka an kafa doka a 1659 cewa duk wanda aka kama yana bikin zai biya tarar sule biyar, dokar ta kai 1681. Dalilansu biyu ne, kuma su ne dai muke ji yau: Nassi bai umarta ba, sannan ranar ta zama ta shaye-shaye. A Najeriya Shaidun Jehobah ba sa yi, cocin Deeper Life na Fasto Kumuyi kuma taron keɓewa yake shiryawa a makon maimakon biki. Saboda haka saurayin da ya kalli wani bidiyo a waya ya dawo gida yana cewa Kirsimeti na arna ne, bai gano wani sirri ba, tsohuwar gardama ya tarar. Ni dai na tsaya inda Bulus ya tsaya a Romawa sura 14: wani na ɗaukaka wata rana, wani na ganin duk ranaku ɗaya ne, kowa ya tabbata a zuciyarsa, kada ya hukunta ɗan'uwansa. Ba ranar muke yi wa sujada ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda muka tace labarin kansa har muka fitar da duk ɗacin da ke ciki. Dubi wasan kwaikwayon yara: mala'ika, makiyaya, masana taurari da zinariya da lubban da mur, a yi tafi a rufe labule. Amma a buɗe Matiyu da Luka a karanta a hankali. Budurwa ce da ciki kafin a kai ta ɗaki, a al'ummar da hakan ke iya jawo mata jifa, har Yusufu ya yi niyyar rabuwa da ita a asirce. Tafiya ce ta dole daga Nazarat zuwa Baitalami da tsohon ciki, saboda umarnin ƙidaya na sarkin da ke mulkin mallaka. Masauki ya cika, aka kwantar da jariri a komin dabbobi. Da suka kai shi Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Littafin Firistoci sura 12 ya yarje wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Wato iyalin nan ko watanda ba za su iya shiga ba. A wurin ne tsoho Saminu ya karɓi yaron ya yi godiya, sannan ya juya ga uwar ya ce mata takobi zai soki zuciyarta. Ko a Alƙur'ani, cikin Suratu Maryam, lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, fatan da ta yi shi ne ina ma ta mutu kafin wannan rana.

Sannan ga ɓangaren da ba mu taɓa sa yara su kwaikwaya ba. Hirudus ya aika sojoji Baitalami su kashe 'yan yara maza daga shekara biyu zuwa ƙasa. Yusufu ya tashi cikin dare ya ɗauki uwa da ɗa suka tsere Masar, suka zama 'yan gudun hijira. Matiyu ya ɗauko maganar annabi Irmiya ya ajiye a daidai wurin: Rahila na kuka saboda 'ya'yanta, ta ƙi ta'azantuwa domin ba su. Wannan fa a sura ta 2 yake, shafi ɗaya da tauraron. Macen Bokkos ko ta Gwoza ba ta bukatar mai fassara a nan. Mu ne muka yanke mata wurinta daga labarin, sannan muka dawo muna mamakin me ya sa take jin kamar baƙuwa a bikin.

Tsohuwar kalandar ikkilisiya ta fi mu gaskiya a wannan fanni, kuma Katolika da Angilikan na riƙe da ita. Lahadi huɗu kafin Kirsimeti lokacin jira ne da tuba, limami na sa tufafi shunayya, a cocin Katolika har waƙar ɗaukaka ta mala'iku ake ajiyewa sai daren haihuwar. Washegarin Kirsimeti, 26 ga wata, wadda mu muka sani da ranar hutu da yawon gaishe-gaishe, ranar Istifanus ce, shahidi na farko da aka jefe. Ranar 28 kuma ta 'yan yaran Baitalami ce da aka kashe. Fari ranar 25, ja ranar 26. Waɗanda suka tsara wannan sun san murna da makoki maƙwabta ne, shi ya sa suka jera su ƙofa da ƙofa. A Amurka da Kanada wasu majami'u kan keɓe sujada guda wajen 21 ga Disamba, daren da ya fi kowane tsawo a can, domin waɗanda aka yi wa rasuwa a shekarar: a kunna kyandir, a kira sunayen mamata. A Baitalami kanta, a 2023, an soke shagulgulan fili saboda yaƙin Gaza, wani cocin Lutaran na garin ya kwantar da siffar jaririn a tsakiyar ɓaraguzan gini.

Ba sai mun kwafi na kowa ba. Muna da namu: mun iya zaman makoki, mun iya gaisuwar ta'aziyya, matan Zumunta sun fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Abin da ya rage shi ne a bar wa wannan sani wuri a cikin shirin, ko da minti biyar ne tsakanin waƙar mawaƙa da baiko na uku, a ambaci waɗanda bencinsu ya zama wofi bana, a yi shiru. A daina kiran adadin kuɗi a lasifika. A ce anko ba dole ba ne, kuma matar fasto ta fara zuwa ba shi. Ayar da ta ce a yi farin ciki da masu farin ciki, ita ce dai ta ƙarasa da cewa a yi kuka da masu kuka, ba ta kuma ce ban da Disamba ba.

Ranar 26 da hantsi uwargida ta zuba mini shinkafa da cinyar kaza a kwano ta ce in miƙa wa Maman nan. Na tarar da ita a tsakar gida, rediyo na waƙoƙin jiya, ankon na shanye a igiya. Ashe ita ma ta yi girki. A kan tabarma akwai kwano biyu a rufe, ɗaya nata, ɗaya babba mai murfin tangaran a gefen kujerar da ba kowa a kai. Ta bi idona da kallo, ta yi ɗan murmushi.

"Hannu ne ya saba, ɗana," ta ce. "Zauna ka ci, kada ya huce."